Kuɗin Saniya Guda

A ƙauyukan Bangladash akwai matan da ko bankin talakawa ba ya ba su bashi. Ƙasar ta yi suna a duniya wajen bai wa marasa ƙarfi ƙaramin rance, har Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 2006. Amma tun kafin wannan biki, ma'aikatan BRAC, ƙungiyar da Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, sun lura akwai wasu can ƙasa da rancen bai taɓa kaiwa gare su ba: zawarawa, matan da mazajensu suka tsere ko suke kwance ba lafiya, masu wanke-wanke da shara a gidajen mutane, mabarata. Rancen mako-mako ake biyansa, kuma a ƙungiyance ake karɓa. To wace ce za ta yarda a haɗa ta da wadda ba ta san abin da za ta ɗora a murhu yau ba? Su ma matan tsoro suke ji. Mai hankali ba ta cin bashin da ta san a cikin 'ya'yanta zai ƙare.

A 2002 BRAC ta fito da wata dabara daban. Sai ta ba mace kadara kyauta, galibi saniya, wani lokaci awaki ko kayan ƙaramar sana'a. Aka haɗa mata da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta kai saniyar kasuwa. Aka koya mata kiwo, aka buɗe mata hanyar ajiya, aka kula da lafiyar gidan, sannan ma'aikaci ya riƙa zuwa har ƙofar ɗakinta a kai a kai yana duba dabbar, yana tambayar yadda ake ciki. Shekara biyu ana haka, sai a sake ta. Shirin yana da tsada ga kowane gida, kuma tun daga farko akwai masu cewa ɓarnar kuɗi ce: me ya sa ba za a raba kuɗin ga mutum goma ba, kowa ya samu ɗan abin taɓawa?

Amsar wannan tambaya ita ce gundarin maganar tara kadara, kuma tana farawa daga bambancin abin da mutum ke samu da abin da ya mallaka. Ɗauki magidanta biyu masu samun kuɗi daidai wa daida a wata. Ɗaya yana da gona ta gado, da tumaki huɗu a bayan gida, da buhu biyar na gero a rumbu. Ɗayan hayar ɗaki yake, ba shi da komai sai ƙarfinsa. A takardar mai ƙididdiga talaucinsu ɗaya ne. Ranar da yaro ya kwanta asibiti za a san ba ɗaya ba ne. Na farko zai sayar da tunkiya ya wuce wurin. Na biyu zai ci bashi, ko ya cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata talla. Wani malamin jami'a a Amurka, Michael Sherraden, ya yi wannan bayani a 1991, lokacin da tsarin tallafin ƙasarsu ke hana talaka taimako da zarar ya tara 'yan kuɗi a banki. Ya ce kuɗin shiga, ciki kawai suke cikawa, kadara kuwa tana sauya yadda mutum ke tunanin gobe. Bahaushe bai jira jami'a ba kafin ya san haka. Ya riga ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya bambanta shirin BRAC da sauran zantukan fatar baki shi ne an auna shi. Daga 2007 masana tattalin arziki, ciki har da Oriana Bandiera da Robin Burgess na Landan, suka bi gidaje sama da 21,000 a ƙauyuka fiye da 1,300. Ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen yankunan da za su fara samun shirin da waɗanda za su jira, don a iya kwatantawa ba tare da son rai ba. Abu na farko da suka gani, tun kafin a raba ko saniya ɗaya, shi ne sana'o'in mata a waɗannan ƙauyuka kusan uku ne kacal: ƙwadago a gonar wani, aikatau a gidan wani, sai kiwo. Matan masu hali su ke kiwo. Matan talakawa su ke ƙwadago da aikatau, ayyukan da ladansu bai taka kara ya karya ba, kuma na gona ma sai lokacin shuka da girbi ake samunsa. Watanni da yawa a shekara suna zaune, ba don lalaci ba, don babu mai ɗaukarsu. Da saniya ta shigo gida, sai waɗannan ranakun zaman banza suka zama ranakun aiki. Bayan shekara huɗu samunsu ya ƙaru, cimarsu ta gyaru, wasu sun ƙara dabbobi, wasu sun fara ɗaukar gona haya. Bayan shekara bakwai abin bai zube ba.

Amma binciken da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya biyo baya, wanda aka wallafa a 2022 bayan an bi wasu gidaje kimanin 6,000 har shekara goma sha ɗaya. Duk matan talakawa ne tilis, amma ko cikin talakawa wani ya fi wani: wata tana da keken ɗaukar kaya ko 'yar akuya tun da farko, wata ba ta da ko tsinke. Saniyar da aka ba su kusan darajarta ɗaya. Da aka haɗa abin da kowace ke da shi da abin da aka ba ta, sai aka ga akwai wata iyaka, wajen taka 9,000 a kuɗin ƙasar na lokacin, wato kimanin kuɗin saniya guda. Wadda jimillar kayanta ta haura wannan iyaka, dukiyarta sai ta ci gaba da hauhawa da kanta. Wadda ta tsaya ƙasa da ita, ko da kaɗan ne, sai ta riƙa zamewa baya har ta kusa komawa inda ta fito. Saniya tana buƙatar rumfa, da abin ɗauko ciyawa, da kuɗin magani. Wadda ba ta da waɗannan ƙananan abubuwa, saniyar ba ta ba ta ribar da za ta riƙe kanta. Ke nan talauci a wurin yana kama da rijiya mai santsin baki. Wanda aka ɗago rabi aka saki, ƙasa zai koma, kuma wahalar ɗagowar ta tashi a banza.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san wannan rijiya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin rayuwar manoma, kuma abin da ta gano shi ne wasu magidanta talauci ya kai su inda ba sa iya noma ko da suna da gona. Hatsinsu yakan ƙare tun kafin damina. Idan ruwa ya sauka, lokacin da ya kamata su duƙa a gonarsu, suna gonar mai hali suna ƙwadago don a samu na tuwon dare. Kafin su waiwayi tasu ciyawa ta cinye ta. Takin da za su zuba sun sayar. Da kaka abin da suka girbe kaɗan ne, shi ma rabinsa na biyan bashi ne, a lokacin da hatsi ya fi araha. Shekara ta zagayo, a sake komawa gidan jiya, har ranar da gonar za ta shiga jingina, daga jingina ta zama sayarwa. Mai hali kuwa ya saya da araha a kaka, ya ɓoye, ya fitar da tsada a bazara. Ba sai ya zama azzalumi ba. Rumbu ne kawai yake yi masa aiki yana barci.

Idan an fahimci maganar iyakar nan, za a gane abin da ya sa yawancin shirye-shiryen rage talauci a Najeriya ba su bar wata alama ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta bi kasuwanni tana ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000 a shirin TraderMoni. Akwai kuma naira 5,000 a wata da aka riƙa bai wa gidaje marasa galihu, daga baya aka koma naira 25,000 sau uku bayan cire tallafin man fetur a 2023. Ba na raina waɗannan kuɗi. Wanda ya kwana da yunwa ba ya raina kwanon gari, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna talaka ba ya ɓarnatar da tallafin kuɗi kamar yadda masu hali ke zato. Sai dai irin wannan kuɗi ba ya haura da kowa kan iyaka. Abinci ne, kuma abinci ake saya da shi. A Nuwamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ɗan siyasar da ke kallon irin wannan adadi ya fi son ya ce ya taimaki mutum miliyan biyu da ya ce ya fitar da gida dubu ashirin, ko da maganar farko babu abin da ya rage daga cikinta bayan wata guda.

To sai a raba awaki ke nan? An gwada, har a nan gida. Gwamnatin Jigawa a zamanin Badaru Abubakar ta raba wa mata awaki, aka yi ta yi mata dariya a shafukan sada zumunta. A ganina masu dariyar ba su san darajar akuya a hannun matar ƙauye ba. Amma akwai tambaya mai nauyi da ya kamata a yi a madadin dariyar: me aka haɗa da akuyar?

A 2015 mujallar Science ta fitar da sakamakon gwajin tsarin BRAC a ƙasashe shida: Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, gidaje fiye da 10,000. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu Nobel a 2019. A ƙasashe biyar, shekara guda bayan an janye hannu, gidajen da suka shiga shirin sun fi takwarorinsu ci da sha da dukiya, kuma amfanin ya zarce abin da aka kashe. A Honduras abin ya rushe. Mafi yawan gidajen kaji suka karɓa, cuta ta shiga ta kashe su. Duk wanda ya taɓa ganin yadda annobar kaji ke share unguwa da hunturu ba zai yi mamaki ba. A arewacin Gana kuma masu binciken suka yi wata dabara mai kyau: wasu gidaje aka ba su cikakken shirin, wasu aka ba su awaki kawai aka juya, wasu aka buɗe musu hanyar ajiya kawai. Masu cikakken shirin ne kaɗai suka samu canji mai ɗorewa. Masu awaki zalla sun ƙare da 'yan awaki, amma samunsu bai ɗaga ba. Akuyar da aka ajiye a gidan da babu hatsi, babu kuɗin allura, babu mai leƙowa, tana jiran ranar suna ne ko ranar rashin lafiya.

Gwajin da ya fi kusa da mu a Nijar aka yi shi, kuma gwamnati ce ta gudanar da shi da ma'aikatanta tare da tallafin Bankin Duniya, abin da ya ƙara masa muhimmanci, don ƙungiya mai zaman kanta tana iya yin abin kirki a ƙauye hamsin ta kasa a dubu biyar. Matan da ke karɓar tallafin sefa 10,000 a wata a ƙauyuka fiye da 300 aka ɗauka. Dukkansu aka sa su a ƙungiyoyin ajiya da rance, aka koya musu lissafin sana'a, aka ba su mai bibiya. Daga nan aka rarraba. Wasu aka ƙara musu jari na sefa 80,000 a dunƙule, jika tamanin a bakin 'yan kasuwar Maraɗi. Wasu ba a ba su jarin ba, aka tara garin gaba ɗaya, maza da mata da dattawa, aka nuna musu majigi na wasu ma'aurata da suka ja gidansu gaba da sana'ar matar, aka zauna aka tattauna, sannan aka yi wa matan horo na kwanaki kan tsara buri da iya magana da yanke shawara. Wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Sakamakon da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna kowane rukuni ya ci gaba, masu duka biyun sun fi kowa, amma idan aka auna riba da abin da aka kashe, rukunin majigi da horo ya yi zarra. Wannan ya ba mutane da yawa mamaki. Ni ina ganin bai kamata ba. Mace tana iya samun jari, amma idan miji bai yarda ta fita ba, ko uwar miji tana ganin sana'ar raini ce, ko duk ɗan abin da ta tara dangi sun san ranar da ya shigo, jarin ba zai yi ƙarko ba. Yardar gida da ta gari ita ma kadara ce, ko da ba a kai ta kasuwa.

Nijar ɗin dama ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, inda aka ɗauki adashin da mata suka gada aka ƙara masa asusu, da rance mai ɗan ƙari, da rabon riba a ƙarshen zagaye. Daga can tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Fulani kuma suna da habbanaye tun kaka da kakanni: wanda garkensa ya ƙare, ɗan'uwa ya ba shi aron karsana, ya riƙe har ta yi haihuwa biyu ko uku gwargwadon al'adar yankin, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ko a fiƙihun zakka maganar tana nan. Malaman Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, na Shafi'iyya irin su Imam Nawawi suka ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa komai tsadarsu. Kwatanta wannan da layin da ake yi a ƙofar gidajen attajirai da azumi, ana miƙa wa kowa abin da bai kai kuɗin motar komawa gida ba.

Kada a ɗauka an gano maganin talauci. A jihar Bengal ta Yamma a Indiya, gidajen da suka samu shirin suna gaba har bayan shekara goma, kuma abin sha'awa, ba kiwon ne ya riƙe su ba: dabbar ta ba su sararin tura 'ya'ya birane masu nisa inda aiki ya fi tsoka. A Habasha kuwa tazarar ta ragu sosai bayan shekara bakwai, don waɗanda ba su samu ba su ma sun taso. A arewacin Yuganda an ba matasa jari na kusan dala 400 kowanne, bayan shekara huɗu sun yi wa takwarorinsu nisa, bayan shekara tara an kamo su. Inda mutum ke da hanyar tarawa a hankali da ƙarfinsa, jari gaggauta tafiyar kawai yake yi. Inda hanyar a toshe take gaba ɗaya, kamar ga matan Bangladash, nan ne yake sauya rayuwa. Sanin wane irin wuri ake ciki kafin a kashe kuɗi shi ne aikin da gwamnatoci ba su cika son yi ba.

Sannan fitar da mutum daga ƙangin yunwa daban, rage tazarar da ke tsakaninsa da mai dukiya daban. Matar da ta tashi daga aikatau ta mallaki shanu biyu ta samu rufin asiri, amma mai gonakin ƙauyen bai tsaya jiranta ba. Dukiya gado ake yi, shi ya sa tazararta ta fi ta albashi taurin kai. A Amurka, ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022 ta nuna matsakaicin gidan farar fata ya mallaki kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa dala 44,900, fiye da ninki shida, shekaru kusan sittin bayan an soke dokokin wariya. Tushen abin yana cikin zamanin da aka hana baƙaƙe rancen sayen gida a unguwanni masu daraja, alhali gida shi ne babbar dukiyar da iyali ke bar wa 'ya'ya. Shi ya sa wasu suka koma tunanin a fara tun daga haihuwa. Jihar Connecticut tana ajiye dala 3,200 ga kowane jaririn gidan marasa ƙarfi da aka haifa daga 1 ga Yuli 2023, kuɗin na juyawa har ya kai shekara 18, sannan ya karɓa don karatu, ko gida, ko sana'a. Birtaniya ta yi makamancin haka ga yaran da aka haifa daga Satumba 2002, fam 250 ga kowa, 500 ga 'ya'yan talakawa, sai gwamnatin da ta zo a 2010 ta rufe shirin da sunan tsuke bakin aljihu. Har yau akwai dubban ɗaruruwan asusun da masu su ba su zo sun karɓa ba, da yawa ba su ma san da su ba.

Irin wannan ajiya ta shekara goma sha takwas tana buƙatar kuɗin da ke riƙe darajarsa. A Najeriya dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Wanda ya ajiye kuɗi a asusu, ɓera ya ci rabinsu ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Mutanen karkara da ke mayar da kuɗinsu rago ko buhun wake sun fi masu ba su shawarar buɗe asusu iya lissafi. Sai dai dabbar ma yanzu ba ta tsira ba. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato, garke ya zama abin da ke jawo wa mai shi 'yan bindiga, kuma kuɗin fansa guda ɗaya yana cinye gona da shanun da aka tara shekara talatin. Gonar kuma, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana hannun gwamna a matsayin amana, mafi yawan manoma ba su da takardar shaidar mallaka, don haka idan gari ya faɗaɗo ya iso gare su, diyyar da ake ba su ba ta kama ƙafar abin da za a sayar da fulotan ba. Mata kuwa sau da yawa rabonsu na gado yana nan a baki, gonar tana hannun yayyensu maza. Duk shirin da zai ba talaka kadara a irin wannan yanayi, bai kula da abin da ke ƙwace ta ba, yana ɗura ruwa ne a tulu mai huji.

Saura maganar wa za a ba, wadda a nan ne shirye-shiryenmu suka fi mutuwa. Idan abin da za a raba naira dubu biyar ne, ɗan siyasa zai iya barin talaka ya samu. Idan saniya ce, jerin sunayen zai cika da 'yan'uwan kansila. BRAC ta san da wannan haɗari tun farko. Ma'aikatanta sukan tara mutanen ƙauye a fili, a zana taswirar garin a ƙasa, a sa kowane gida, sannan mutanen da kansu su jera gidajen daga mai hali zuwa wanda ya fi kowa rashi, a bainar jama'a, inda ƙarya ke da wuyar tsayawa. Bayan haka ma'aikaci ya bi gidajen da suka zo ƙarshe ɗaya bayan ɗaya da takardar tambayoyi, daga baya wani na sama da shi ya sake zuwa ya duba ɗakin da idonsa, kafin a rubuta sunan matar.